Ya ce mai kiɗan ta rasu, alhali uwarsa ce

Assalamu alaikum jama'ar wannan gurup. Admin ka taimaka ka cire sunana da lambata kafin ka saka wannan, Gaya ba babban gari ba ne, kuma sunan da zan ambata ba na gaskiya ba ne. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan ina wucewa, wani lokaci har da dariya, yau ga shi abin ya zo kaina. Don girman Allah ku daure ku karanta har ƙarshe ku ba ni shawara, domin ni dai kaina ya ɗaure.

Ni mai gyaran rediyo ne da amfili da bafil, wato lasifikokin masu sono da suke sa kiɗa a biki, ina da ɗan atiliye, shagon gyara, kusa da kasuwa, shekarata talatin da takwas, mata ɗaya da 'ya'ya uku. Ban da gyara akwai abin da nake so wanda mutane da yawa suke ɗauka taɓin hankali ne, wato tsofaffin na'urorin haɗa kiɗa. Wadda maganar nan take kanta ana ce mata sampula. Ga wanda bai santa ba, akwati ce toka-toka mai nauyi kamar batirin mota, da maɓallai na roba a samanta da ɗan ekaran kore mai nuna rubutu da bai fi kwalin ashana biyu ba. Kana naɗar ƙara da mikoro, ganga ce ko tafi ko bugun ƙofa, sai ta riƙe, kai kuma ka yanka ka raba wa maɓallan, duk wanda ka taɓa ya maimaita abin da ka ba shi. Sakan goma kacal take iya riƙewa, kuma a disket take ajiya, irin wanda sakatarori suke amfani da shi a buro, wato ofis, tun muna 'yan makaranta a lakwal. Amma duk abin da ya shiga cikinta ba ya fitowa yadda ya shiga. Yana fitowa da kaushi da nauyi, da ɗan shuuu a ƙarƙashinsa kamar na tsohon kaset, ganga ta buga ka ji ta a ƙirjinka ba a kunnenka ba.

A Malanville da ke tsallaken kogi na same ta wajen shekara bakwai da suka wuce, lokacin ana tsallaka gada ba wahala, a cikin tarin kayan 'yan kwatano, tsakanin dutsen guga da wani mataccen fanka. Mai kayan ya ɗauka injin lissafi ne na kanti da ya lalace, ya bar mini ita a kuɗin da bai kai na kaji biyu ba, har yana tausaya mini. Wata huɗu na yi ina fama da ita. Kyankyasai sun yi gida a ciki, ƙananan piyes na cikinta da yawa sun kumbura, kuran ɗin da take ci ma, wato wutar lantarki, ba irin namu ba ne, sai da na naɗa mata taransifo da hannuna. Disket kuwa wani tsohon sakatare mai ritaya ne ya ba ni kwali guda da yake shirin zubarwa. Ranar da ekaran ɗin nan ya kawo haske matata ta ɗauka wani abu ya same ni saboda ihun da na yi.

To yanzu ga mutumin da ya sa na rubuto. Zan kira shi Nasiru. Ɗan ƙanwar mahaifiyata ne, na girme shi da shekara goma sha ɗaya, a Tanda aka haife shi, a gidanmu ya zauna lokacin da yake kolej a nan Gaya. Ya tafi Niamey karatu bai gama ba, sai muka ji wai ya zama bitmeka, mai haɗa wa mawaƙa kiɗa a ordinatar, wato kwamfuta. Ba ni da matsala da sana'ar, ni ma abin da nake so ke nan. Matsalata da mutumin ne. Irin yaran nan ne da suke sa baƙin tabarau a cikin ɗaki, a magana ɗaya Faransanci uku Hausa ɗaya, idan zai ce Tanda sai ya rage murya kamar yana faɗin sunan wata cuta. Bai taɓa riƙe abin kiɗa na gaske ba, ko tafi ya yi sai ya saɓa da na mutane. Abin da ya iya shi ne ya sauke ƙararrakin da wasu suka yi daga intanet, ya jera su kamar mai jera tumatir a tire, ya sa sunansa a kai.

Mahaifinsa muna ce masa Baba Malam, limamin masallacin unguwarsu ne a Tanda, mutumin kirki ne wallahi, manomi mai cin guminsa, amma a maganar kiɗa ba ya wasa ko kaɗan. Da ya ji abin da Nasiru yake yi a Niamey shekara guda ya yi ba ya amsa gaisuwarsa. Mahaifiyarsa kuwa, wadda nake kira Inna, tun da mahaifiyata ta rasu ita ce uwata. Mahaifiyata ta taɓa faɗa mini cewa kafin Inna ta yi aure babu mai kiɗan ƙwarya kamarta a duk yankinmu, har daga Bana mata suke aiko a ɗauke ta idan ana biki. Da ta auri Baba Malam ta ajiye, ba ta sake ba, kuma ba a maganar a gidan. 'Ya'yanta ko ɗaya bai sani ba.

Shekara uku da suka wuce Inna ta zo Gaya ganin likitan ido, ta yi mako guda a gidana. Wata rana da hantsi matata ta tafi suna, yara suna lakwal, ni kuma na kawo sampular gida ina zaune a tsakar gida ina buga wata roba ina naɗa. Inna tana kan tabarma tana kallona da ido ɗaya, ɗayan an rufe da bandeji. Can sai ta yi dariya ta ce, “Kai ɗan Yaya, kiɗa kake yi ko ƙofar mutane kake bugawa?” Na ce to Inna ai iyakar iyawata ke nan. Ta dubi ƙofar gida, sannan ta ce in sa sakata. Ta shiga madafa ta ɗauko babbar ƙwaryar matata, ta kife ta a kan zani, ta juya zobban hannunta, ta fara.

Jama'a ban san yadda zan kwatanta muku ba. Gindin tafinta yana ba da wata ƙara mai zurfi, zobban suna amsawa a sama, hannun hagu yana ɗan jinkiri kamar zai makara amma ba ya makara. Tsohuwar da ta shigo gidana tana dafa bango, sai ga kafaɗunta suna motsi kamar na budurwa. Na roƙe ta in naɗa, ta ce wannan akwatin me zai yi da shi, na naɗi guntu na taɓa maɓalli, ta ji hannunta ya fito daga bafil. Ta ja baya tana salati, sannan ta ce in sake taɓawa. Ta sa na taɓa ya fi sau goma. Muka yi ta yi guntu-guntu har muka cika disket shida. Da muka gama ta riƙe hannuna ta ce, “Ƙarar ka yi abin da kake so da ita, na ba ka. Amma sunana kada ya fita daga bakinka, ko ga matarka, ko ga 'ya'yana. Ka san Malam. Shekara arba'in muna zaune lafiya, ba yanzu da furfura zan zama abin magana a Tanda ba.” Na rantse mata da Allah. Wannan rubutun ma da nake yi da ɓoyayyen suna zuciyata ba ta kwanta da shi ba, amma ba ni da wanda zan tambaya.

Babbar sallar bara Nasiru ya zo. Maimakon ya wuce Tanda wurin iyayensa, a gidana ya sauka, wai can babu rezo, waya ba ta kamawa. Ya shigo atiliye ya ga sampular, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce Gran, haka yake kirana da Faransanci, wato babba, wannan ai kayan bola ne, wai abin da take yi a awa guda wayarsa tana yi a minti ɗaya, wai in kai ta gidan tarihi a ba ni lada. Ya ɗaga disket da yatsa biyu kamar ya ɗauko mataccen ɓera yana tambayata ko da shi ake fifita. Na sa disket na kunna wani kiɗa da na haɗa da ƙwaryar Inna. Dariyar ta tsaya. Ya cire tabarau, abin da ban taɓa gani ba. Ya tambayi wa ya buga, na ce wata tsohuwa ce, ba ta son a san ta. Ya ce in zuba masa a karta, memorin waya, ya riƙa saurare a mota. A nan na yi wauta, na yarda. Gaskiya ina so ya tafi da shi ya ji yadda kayan bola suke, girman kai ne ya ja ni. Kafin ya tafi ya sa aka ɗauke shi hoto yana dafe da na'urar, ya sunkuyar da kai kamar mai zurfin tunani, alhali ko wayar kuran ba a jona ba, tana nan a ƙasa kusa da ƙafarsa ana ganinta a hoton.

Bayan wata huɗu ina zaune ina gyaran amfili sai wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar atiliye da waƙa a wayarsa. Kiɗana ne, bai canza komai ba, ya dai ɗora wani mawaƙi a kai, ya ƙara wata siririyar ƙara mai kama da kukan sauro don a ce shi ma ya yi wani abu. Waƙar ta kama. A tasha ita, wurin masu shayi ita, a kwale-kwalen da suke tsallaka kogi ita, biki ba ya tashi sai an sa ta. Ba zan faɗi sunanta ba, amma na san da yawanku kuna da ita a waya. Na kira shi, ya ce Gran ai kamata ya yi ka yi murna, da ba don ni ba kiɗan nan a disket zai ruɓe. Na tambaye shi ina sunana, ya ce harkar ba haka take tafiya ba, wai ban fahimci yadda ake showbiz ba. Muka yi cacar baki na kashe waya. Na bar maganar saboda Inna, don na san idan na tada rigima tambayar farko da za a yi ita ce wa ya buga ƙwaryar.

Da abin ya tsaya nan da ban dame ku ba. Amma mutumin nan ya shiga gidajen rediyo da tele yana ba da labari. Na saurari hira guda da kunnena. Wai shi ne ya yi wata uku yana yawo a ƙauyukan bakin kogi da mikoro a jaka yana neman sautin kakanni. Mutumin da ko kwana ɗaya ba ya iya yi a garinsu saboda rezo. Wai a wata bukka ya sami wata tsohuwa gajiyayya, ba ta da kowa, ba ta da abin da za ta ci, ta buga masa ƙwarya sau ɗaya, bayan mako biyu ta rasu. Har da sassauta murya a wurin nan, mai hirar tana cewa Allah sarki. Wai kuma shi ne ya gano sirrin tsofaffin na'urori, shi ya farfaɗo da tasa da hannunsa. Mutumin da bai san bambancin fis da batir ba. Da aka tambaye shi ko ya gaji kiɗa ne, ya yi dariya ya ce shi daga gidan da ya fito ko tafi ba a iya ba, mahaifiyarsa in ban da daka da tankaɗe ba ta san komai ba, shi kaɗai Allah ya ba wa kunne. Wallahi da na ji wannan sai da na ajiye abin da ke hannuna na fita waje.

Kuma ku ga abin dariya. Tun da hotonsa ya bazu, yaran Niamey suka tashi neman tsofaffin sampula kamar an ce a cikinsu ake samun basira. Abin da ake zubarwa ya zama kayan gayu. Mutumin Malanville da ya tausaya mini yanzu ko tsohon injin faks ya samu sai ya goge shi ya ce na kiɗa ne. Shi kansa Nasiru ya sayi wata a Niamey da tsada, ba ta ko kawo wuta, ya ajiye ta a estidiyonsa ya ɗora mata fitila mai launi yana hoto da ita. Sau biyu yana aiko mini saƙo a kaikaice yana tambayar ta ina ake sa disket. Ban amsa ba.

To makon jiya ya kira ni, kuma daga jin ya ce Yaya maimakon Gran na san akwai buƙata. Wai wasu Turawa biyu da wata 'yar Niamey suna yin fim a kan masu haɗa kiɗa da tsofaffin na'urori, sun ji waƙar, sun ji labarin tsohuwar, suna so su zo Gaya su ɗauki inda abin ya faro. Suna so su gan shi yana aiki da na'urar a gabansu. Abu uku ya nema. In ba shi sampular da disket ɗin a kai wani ɗaki da zai kama, a ce nan ne estidiyonsa na farko. In zauna da shi kwana biyu in nuna masa maɓallan da zai taɓa, ranar ɗauka kuma in tsaya a gefe a matsayin asistan ɗinsa, ko da wani abu zai kakare. Ni, asistan. Na uku kuwa shi ne ya sa har yanzu in na tuna nake jin ɗaci a bakina. Wai baƙin suna so su ziyarci kabarin tsohuwar, don haka in nemo wani kabari a wani ƙauye wajen Bana, ai kaburburanmu ba suna a jiki, kowanne aka nuna ya yi. Yana faɗa yana dariya, wai ai sinima ce.

Na gaya masa maganganu da ban taɓa gaya wa wani ɗan uwa ba. Na ce masa ɓarawo ne marar kunya, wanda bai iya komai ba sai tsayuwa a hoto. Ya ce hassada ce take cina, wai na tsufa a cikin wayoyi da gubar dalma ba wanda ya san ni, shi kuma yana ba ni dama in fito a fim ina yi masa tsiya. Daga ƙarshe ya ce idan na ƙi zai kira Inna ya gaya mata ina neman tozarta shi a gaban baƙi. Kun ji, uwar da ya ce ba ta san komai ba sai daka, ita zai kai wa ƙara.

Shi ya sa shekaranjiya da safe na hau babur na tafi Tanda, na ce gara in riga shi. Na tarar Baba Malam ya tafi fadama wurin shinkafa, Inna ita kaɗai a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Bayan mun gaisa na fara kame-kame, sai ta katse ni ta ce, “Maganar waƙar Nasiru ce ko?” Na ce Inna kin sani? Ta ce, “Yo ni ban san hannuna ba? Tun ranar da na fara jinta wurin injin niƙa a wayar wata yarinya na gane. Saura kaɗan in saki kwanon.” Ta ce Baba Malam ma ya taɓa jinta a wani suna, ya tashi ya bar wurin yana cewa ga shirmen ɗansa ya biyo shi har gida, ita kuma tana cikin mata ta sunkuyar da kai. Ta ce ba ta taɓa jinta daga farko har ƙarshe ba, kullum guntu ne daga nesa, ta kan katanga ko a bakin rijiya.

Na ciro waya na sa mata abin saurare a kunne, ta ja hijabi ta rufe. Ina kallonta, idonta a rufe, yatsunta suna motsi a kan gwiwa. Da ta ƙare ta cire ta ce, “Wannan kukan sauron fa, kai ka sa?” Na ce shi ne. Ta ce, “Na sani. Bai da kunne, irin na ubansa ne.” Muka yi dariya ni da ita. Sai ta tambaye ni, da mutane suka tambaye shi wa ya buga, me ya ce musu. Wallahi ban yi niyyar faɗa ba, amma haushin da ke cikina ya fi ƙarfina, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina so ta ji irin ɗan da ta haifa. Na gaya mata labarin bukkar, da tsohuwar da ba ta da kowa, da rasuwar bayan mako biyu. Maganar daka da tankaɗe da maganar kabari ne kawai na riƙe, bakina ya kasa.

Ta yi ta juya ƙwayar gyaɗa ɗaya a hannu. Sannan ta ce, “Ya ce ta rasu?” Na ce haka ya ce. Ta ce, “To Allah ya jiƙanta. Ta iya kiɗa.” Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ni da na zo da zafi ina jiran ta yi fushi ta ba ni izini in tona shi, sai na ji kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Na gaya mata maganar baƙin da abin da yake so in yi. Ba ta ko yi dogon tunani ba ta ce, “Ka ba shi akwatin. Ka koya masa abin da zai iya ɗauka. Kada ɗana ya ji kunya a gaban baƙi, ubansa ya riga ya juya masa baya, kada kai ma ka juya.” Na ce Inna ƙarya fa zai yi a gaban duniya da hannunki. Ta ce, “Ƙaryarsa ita ta rufa mini asiri. Ka bar ta.”

To jama'a ga inda nake. Idan na bi maganar Inna, zan tsaya a gefe kamar gunki ina kallon wannan holoƙon yana taɓa maɓallan da na haddace masa, yana karɓar yabo a kan aikina da hannun uwarsa, kuma na san halinsa, daga ranar ya mallaki labarin har abada. Ko na yarda da wannan ma, kabari ba zan nuna ba, ba zan tsaya a kan kabarin bawan Allah ina ƙarya ba, kuma ban san yadda zan raba ɗaya da ɗaya ba tunda duk labari guda ne. Idan na ƙi gaba ɗaya, minti biyar ya ishi baƙin nan su gane bai san ta inda ake kunna ta ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, akwai wani ɓangare na zuciyata da yake son ganin wannan ranar fiye da komai. Amma Inna ce za ta kwana da ciwon, kuma baƙin za su fara tambayar to wa ya yi, ina tsohuwar take.

Na yi tunanin in ja shi gefe in gaya masa gaskiya, in ce tsohuwar da ka kashe a rediyo ita ta haife ka, ko zai ji kunya sau ɗaya a rayuwarsa. Amma na rantse da Allah ba zan faɗa ba. Kuma ko babu rantsuwa, wanda ya san Nasiru ya san ba kunya zai ji ba, daɗi zai ji. Kafin la'asar ya sa hotonta a shafinsa yana hawayen ƙarya, wai ashe a jininsa kiɗan yake, labarin ya fi na bukka sayuwa. Kafin magariba maganar ta isa masallacin Baba Malam. Matata, wadda ba ta san wace ce tsohuwar ba, ta ce kawai in ce na'urar ta ƙone kowa ya huta. Ita ma ƙarya ce, kuma in faɗi gaskiya ni ma ina so baƙin nan su ga na'urar, ina so wani wanda ya san darajarta ya buɗe bayanta ya ga aikin da na yi a ciki. Shekara bakwai ana ce mini mai tara bola. Ban sani ba ko wannan son ne yake ruɗa ni har na kasa ganin hanya.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne lokacin da zan taho. Na riga na tada babur, sai ga Inna ta biyo ni har bakin zaure, abin da ba ta saba yi ba. Ta duba hagu da dama, ta matso ta rage murya ta ce, “Idan baƙin nan sun saurara, ka tsaya inda za ka ga fuskarsu. Ka riƙe duk abin da suka ce game da mai ƙwaryar, kada ka rage ko kalma ɗaya, ka zo ka faɗa mini.”

Ranar Laraba za su iso. Nasiru ya kira sau huɗu yau ban ɗauka ba. Malamai da ke cikin gurup ɗin nan, rantsuwata ta hana ni faɗa wa ɗanta ko da don in hana shi ƙarya a kan kabari? Iyaye mata, ku da kuka san zuciyar uwa, wace maganar Inna zan bi, wadda ta faɗa a tsakar gida cewa in bar ƙaryar, ko wadda ta faɗa a bakin zaure da ta nuna mini ita ma tana so a yabi hannunta? Don Allah kada ku ce mini in yi haƙuri kawai, ku faɗa mini abin da zan yi da safiyar Laraba idan motarsu ta tsaya a ƙofar atiliyena.